Marvella da Miyar Mama Ludie

A Coleby, can kudancin jihar Jojiya, idan mutum ya ce ba ya shan giya, sai a ce Allah ya ƙara masa imani. Idan ya ce ba ya cin nama, a taɓe baki a ce karatu ne ya yi masa yawa. Amma ya kuskura ya ce ba ya cin gyada, to ya fi masa sauƙi ya zagi uwar magajin gari. Gyada ce ta yi wa cocinmu rufi, ita ke aurar da 'ya'yanmu, ita ke sayen akwatin da za a binne mu a ciki. Har mutum-mutumi muka yi mata a tsakiyar gari, wata narkekiyar gyada ta siminti mai ido da haƙora, tana yi wa masu wucewa murmushi, kuma har yau ba a samu wanda ya ji kunyar abin ba. Mu dafa ta da gishiri, mu soya ta, mu niƙa ta mu shafa wa burodi, mu zuba ta cikin kwalbar lemo mu kwankwaɗa. Kazar da ba a soya da manta ba kuwa, asarar kaza aka yi.

To, a wannan garin Allah ya ga dama ya sauke Marvella Tookes, da maƙogwaron da ke rufewa ruf idan gyada ta taɓa shi.

Ba ta gama iya tafiya ba aka gane. Kawunta Purvis, yayan mahaifiyarta, manomin gyada ɗan manomin gyada, ya ɗora ta a cinya, ya lakato niƙaƙƙiyar gyada da yatsa ya shafa mata a baki, wai ta san abin da ke ciyar da gidansu. Kafin ya lashe sauran, leɓen yarinya ya yi suntum, idanu sun shige ciki, jiki ya tashi ruɗu-ruɗu, numfashinta na fita kamar ana busa usur. Uwarta Ardelle ta fizge ta ta yi mota da ita, ko takalmi babu a ƙafarta. Da ƙyar aka ƙwato ta. Likita ya ce jikin yarinyar ba ya karɓar gyada, kuma ba zai taɓa karɓa ba. Ko ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa ya kai ta kushewa.

Da labari ya iso gida, Purvis ya cire hularsa ya sosa kai.

"A danginmu?" in ji shi. "Kai, likitocin nan ba su da aiki. A dinga ba ta kaɗan-kaɗan, za ta saba. Ni ma ranar da na fara shan taba sai da na yi amai."

"Purvis," in ji Ardelle, "ka sake kai mata yatsan nan baki, sai dai ka ƙarasa nomanka da guda tara."

Uban yarinyar ba ya cikin lissafi. Tun kafin a haife ta ya tafi Florida neman aiki, kuma da alama har yanzu yana can yana nema. Ardelle ce uwa, ita ce uba, ita ce mai gadi. Tela ce, ƙarama kamar tsinke, amma idan ta tsaya tsakanin 'yarta da farantin wani, babu mai iya wucewa. Ta fitar da gyada daga gidanta kamar mai korar ɓarawo. Tukunyar Marvella daban, cokalinta daban, da jan zare a ɗaure a wuyansa. Abin da Ardelle ba ta dafa da hannunta ba, ba ya shiga bakin yarinyar.

A nan rigima take, domin mu a Coleby ba mu iya taruwa babu abinci ba. A yi baftisma a ci, a ɗaura aure a ci, a binne mutum a ci, Fasto ya sake mota a ci. Kowace mace ta kawo nata kwanon, da sunanta manne a gindi, a jera a dogon tebur a zauren bayan coci. Kada wani ya ce maka ciyarwa ake yi. Gasa ake yi. Kowace na hira tana dariya, amma wutsiyar idonta na kan tebur, tana duba kwanon wa ya fara ƙarewa. Kuma ba a faɗin sirrin girki. Idan ka tambayi mace me ta sa, za ta dafa ƙirji ta lissafa maka komai da fara'a, ta bar abu ɗaya, wanda shi ne abin. Wannan ƙaryar ba ta cikin waɗanda ake tuba a kansu. Matan da ke rera waƙar gaskiya da safe su ke yin ta da rana.

A cikin wannan zaure Marvella ta girma, a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, da ɗan kwanonta mai murfi da aka kawo daga gida. Tsofaffi su zo da farantinsu, "'Yar nan, ɗan taɓa mana, ko ɗan mitsitsi," Ardelle ta tare su da murmushin da ya fi zagi ciwo, ta ce, "Ta ci a gida, Allah ya saka." Su koma suna ƙunƙuni. Ba a daɗe ba aka raɗa wa yarinya suna Gimbiya, wadda abincin talakawa ba ya wuce mata wuya. Purvis ne ya fara, gari ya ɗauka.

Gimbiyar da ake faɗa kuwa, da kun ga sarautarta da ba ku yi mata hassada ba. Ta girma ta zama mace doguwa mai shiru-shiru, mai yawan haɗiyar miyau. Mutane sun ɗauka ɗabi'a ce. Ba ɗabi'a ba ce, gwaji take yi, ta ji ko hanya na nan a buɗe. Ta haɗiya a coci, ta haɗiya a kanti, ta haɗiya tana tsakiyar gaisawa da kai. A jakarta kullum akwai allura biyu masu siffar ƙaton biro, irin wadda ake dannawa a cinya idan maƙogwaro ya fara rufewa, kuma hannunta ba ya daɗewa bai leƙa jakar ya tabbatar suna nan ba. Idan ta shiga kanti sayen biskit, sai ta sa tabarau ta karance ƙananan rubutun bayan kwali kamar mai neman sunanta a wasiyya, ta ajiye, ta sake ɗauka ta karanta, ko kamfani ya canza ra'ayi tun makon jiya. Hannayenta duk sun tsage saboda wanki. Motarta ba ta taɓa ajiye ta sai hancin na kallon titi. Idan kaka ta yi, aka fara tonon gyada, gari ya cika da ƙamshinta, kowa na buɗe hanci yana cewa ga ƙamshin arziki, ita sai ta rufe tagogi ta zauna kamar mai zaman makoki.

Aiki ma sai da ta zaɓa. Ta kama a shagon furanni da ke kusa da gidan waya, don a iya saninta ba a cin fure. Ta ƙware kuwa. Duk wanda ya mutu a Coleby cikin shekara ashirin da suka wuce, da furannin da Marvella ta ɗaure aka raka shi.

Ta taɓa yin saurayi, wani Lemuel Gaskins, direban babbar mota. Kuma me yake ɗauka a motar? Sai ku tambaya. Gyada mana. Ya rantse mata da kabarin kakarsa ya bar cin gyada har abada. Ya yi ƙoƙari, a ba shi haƙƙinsa, ya kai daga bazara zuwa kaka. Ran nan ya zo zance bakinsa na ƙamshin alewar na'a-na'a fiye da ƙima, ya matso zai sumbace ta, ta sa tafin hannu a ƙirjinsa.

"Lemuel, zazzage aljihunka."

"Haba, Marvella! Budurwa nake nema ko ɗan sanda?"

"Zazzage."

Ɓawon gyada ya zubo a ƙasa. Ya ce na jiya ne. Ta ce jiya ma ai yana cikin har abada. Kafin Kirsimeti ya auri wata mai cin gyada kamar kurege, gari kuma ya ce Gimbiya ta kori miji a kan ɓawo.

Amma abin da ya fi ba mutanen Coleby abin taunawa shi ne ranar bikin 'yar Fasto. Wani yaro ya fasa ledar soyayyar gyada a bayanta. Ta ji ƙamshi, ta haɗiyi miyau, ta ji kamar bai wuce ba. Ta sake haɗiya, ƙirji ya ɗaure, hannu ya mutu, zaure ya fara juyawa. Uwarta ta fizgi jaka ta danna mata allura, aka kira motar asibiti, aka tashi biki tsaye. A asibiti aka duba ta sama da ƙasa, likita ya ce wannan karon ba gyada ba ce, tsoro ne, amma sun yi daidai da ba su tsaya jira ba. Wannan rabin na biyu bai iso gari ba. Na farkon ne ya iso, kuma ya riga motar dawowa.

"Ba na faɗa ba?" in ji Purvis a wurin aski. "A kanta abin yake. Ardelle ce ta cusa mata."

Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne yadda mutum zai bambance su. Tsoro da gyada wuri ɗaya suke kama ta, a nan ƙasan haɓa, kuma ba wanda ke sallama ya faɗi sunansa. Idan ta ɗauka tsoro ne alhali gyada ce, ta mutu. Idan ta ɗauka gyada ce alhali tsoro ne, a yi mata dariya shekara goma. Ta zaɓi dariyar, kuma ta sha ta har ta ƙoshi. Tun daga ranar, duk inda suka je tare, uwarta ke riƙe allura ɗaya a hannu, domin Marvella ta gane idan abin ya taso hannunta rawa yake yi, ko murfin ba za ta iya cirewa ba.

Haka suka yi ta tafiya, tsohuwa da 'yarta mai shekara arba'in da wani abu, har wata safiya a tsakiyar kaka Ardelle ta kifa kai a kan keken ɗinkinta ba ta ɗago ba.

Yanzu ga al'adarmu. Idan aka dawo daga maƙabarta, kowa zai wuce zauren coci, uwar coci ta zuba farantin farko da hannunta ta kai wa wanda aka yi wa mutuwa. Babu mai ɗaga cokali sai wanda aka yi wa mutuwar ya kai loma ya haɗiye. Ma'anar ita ce ba ka zama maraya ba, ga mu. Wanda ya ci ya zama na kowa. Wanda ya ture kuwa, ba a taɓa gani ba, amma kowa ya san ba uwar coci kaɗai ya ture ba. Ardelle ba ta bar kowa ba sai Marvella. Babu wani da za a tura gaba ya ci a madadinta, babu kuma mai cewa ta ci a gida.

Uwar cocinmu ita ce Mama Ludie Faircloth, tsohuwa mai faɗi, mai hular da sai ta karkata take shiga ƙofa. Sunanta a duniya bai wuce abu ɗaya ba: miyar kaza da masara da tumatir da wake, mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Tun kafin a haifi Marvella kwanonta ke fara ƙarewa. Mata sun yi roƙo, sun yi zagon ƙasa, sun aika jikoki leƙen asiri, ba wadda ta gano me ke ba miyar wannan kaurin.

Zaure ya cika maƙil. Maza sun baro gonaki tun safe sun sa kwat a kan gumi, cikinsu na kuka. Marvella ta nufi kujerarta ta kusa da ƙofa, aka kamo hannunta aka kai ta kan tebur, tsakiyar kowa, bayanta ga bango. Rabonta da abinci tun jiya. Sai ga Mama Ludie tana tahowa a hankali da kwano yana tururi, ta dire mata a gaba, ta sa cokali.

"Ci, 'yar nan. Uwarki ta tafi, Allah ya ji ƙanta, amma ba ki rasa uwa ba. Daga yau ni ce uwarki."

Marvella ta haɗiyi miyau. "Mama, akwai gyada a ciki?"

"Gyada? A miyata?" Mama Ludie ta dafa ƙirji. "Ko ƙamshinta babu."

Ba ta ko ƙifta ido ba. Kuma kada ku ce muguwa ce. Bakin ne ya saba. Shekara da shekaru duk wanda ya tambaye ta me ke cikin miyar nan, amsar na fita kafin tunani ya iso.

"Mai fa? Da wane mai kika soya kazar?"

"Ba a soya ta, ɗiyata, dafa ta ake yi. Ci mana."

"Gimbiya," in ji Purvis daga can gefe, "ki taimaka ki kai loma. Ƙanwata muka binne, kar mu bi ta da yunwa."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Fasto Gantt ya duƙar da kai yana kallon soyayyar kaza kamar mai yi mata addu'a.

Marvella ta dubi kwanon. Idan ta ture shi, gobe za ta tashi a garin da babu mai ƙwanƙwasa mata ƙofa, gidan da babu kowa sai keken ɗinki. Idan ta ci, watakila kafin a gama wanke kwanoni a koma maƙabarta. Kuma ta gaji. Ta gaji da tsoro irin gajiyar da mutum ke yi da takalmin da ya matse shi tun safe. Tsohuwa ta rantse a gaban Fasto, a gidan Allah, a ranar da aka binne uwarta. Idan ba a yarda da mutum a irin wannan ranar ba, sai yaushe? Ta yanke shawarar za ta ci.

Sai dai da ta kai hannu ga cokali ta ga yana rawa. Ta juya hagu, inda uwarta ke zama da allura a tafin hannu, ta ga kujerar wani ce. Ba dabara ta shirya ba, ko kusa. Ta buɗe jaka ne kawai ta ciro allurar, ta kamo hannun Mama Ludie ta danƙa mata.

"Mene ne wannan kuma?"

"Mahaifiyata ke riƙe mini. Kin ce ke ce uwata yanzu." Muryarta ba ta tashi ba, amma duk zauren ya ji. "Idan kin ga na kama wuya, ki cire wannan murfin. Wannan bakin ki ɗora a cinyata, nan gefe, ba sai kin ɗaga riga ba. Ki danna da ƙarfi har ki ji ƙas, kada ki zare da wuri. Sai wani ya kira motar asibiti. Kada ki bari a tsayar da ni, a kwantar da ni. Idan ba su iso ba kika ga na daina magana, ga ta biyu a jaka."

Mama Ludie ta dubi abin da ke hannunta kamar an miƙa mata maciji. "To, in ta biyun ba ta yi ba fa?"

"Ai furannin jana'izar ba su bushe ba, Mama. Ni na ɗaure su, za su kai jibi."

Ta ɗebo miya. Cokali ya taso daga kwano, ya wuce ƙirji, ya kusa haɓa. Ta buɗe baki.

Ba wanda ya taɓa sanin Mama Ludie na da irin wannan saurin. Ta kai wa cokalin mari, ya tashi sama ya sauka a kwat ɗin Fasto. Ta fizge kwanon ta rungume shi a ƙirji, miya na bin farar rigarta, hula ta karkace.

"Cokali biyu ne fa!" ta ƙwalla. "Cokali biyu kacal na niƙaƙƙiya, a tukunyar da mutum zai yi wanka a ciki! Ai narkewa take yi! Wuta ba ta kashe ta ba?"

Kuna tsammanin zaure ya ruɗe da salati, an yi kan marainiyar da ta leƙa kabari ta dawo? Ba ku san Coleby ba.

"Gyada!" in ji Sista Vonceil, wadda ta fi kowa daɗewa tana bin sirrin, ta miƙe tsaye. "Ludie, ni kika kalli tsabar idona kika ce kuɓewa? Shekara nawa ina ba mijina yauƙi yana zagina?"

"Ni dankali ta ce mini," in ji matar Fasto.

"Ni ce mini ta yi sirrin addu'a ne kawai!"

"Wallahi na taɓa ji a harshena, na ce kai, ba dai Mama ba."

"Ba ki ji komai ba, Earline, zauna!"

Marvella na zaune a tsakiyarsu, hannu a cinya, tana kallon ɗigon miya a kan tebur, tazarar yatsa daga inda gwiwar hannunta take. Ta ja hannun a hankali. Ta haɗiyi miyau. Ya wuce. Abin mamaki, a karon farko a rayuwarta, a cikin zauren nan ba ita ce ke rawar jiki ba.

Fasto ya goge kwat ɗinsa, ya yi gyaran murya. "'Yan'uwa, 'yan'uwa. Abinci na hucewa."

Da gaskiyarsa. Al'ada na nan daram, Marvella ba ta kai loma ba, don haka ba mai ci. Marvella ta zare allurar daga hannun Mama Ludie, wadda har lokacin ke damƙe da ita, ta ɗaga ta a tafin hannu ta dubi dogon teburin.

"Zan ci na kowa," in ji ta. "Wadda za ta zuba mini, ga shi, ta riƙe."

Matan da suka shekara arba'in suna bin ta da ɗan taɓa mana, ko ɗan mitsitsi, duk sai suka sami abin kallo a silin. Vonceil ta tuna da wane mai ta shafa wa tiren burodin masararta. Earline ta tuna cokalin da ta juya wake da shi, shi ta fara juya alewar gyada da shi. Matar Fasto ta ce ita nata ba komai a ciki, sai dai ba za ta rantse ba, don jikokinta sun shiga kicin. Tebur mai tsawon mota biyu, kuma babu kwano ɗaya da mai shi za ta tsaya a bayansa.

Purvis ne ya tashi yana tsaki, yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya fita wurin motarsa ya dawo da kankana guda, ba a fasa ba, ya dire a gabanta.

"To, wannan fa? Ita ma Ludie ta zuba mata?"

"Kawu, hannunka."

"Me ya sami hannuna?"

"Da aljihunka."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga duk zaure na kallonsa, ya juye aljihun kwat, gyada ta zubo. A jana'izar ƙanwarsa ma bai zo hannu sake ba. Aka tasa shi gaba zuwa famfo, ya wanke hannu har gwiwa da sabulu, aka wanke kankanar, aka goge tebur. Marvella ta ciro 'yar wuƙarta daga jaka ta yanka da kanta. Sannan ta miƙa masa allurar.

Ya karɓa da hannu biyu. Ta kai yanka baki ta gatsa.

"Yaya?" in ji shi. "Yaya wuyan? Marvella, yi magana mana!"

"Kawu, bari in haɗiye."

"Wane murfin kika ce? Wannan ko wancan? Ke, fuskarki ba ta canza ba kuwa? Vonceil, duba mini fuskarta!"

"Kankana ce, Purvis," in ji Vonceil.

"Na san kankana ce, ni na shuka ta! Amma kusa da gonar gyada take!"

Ta haɗiye. Ta sake gatsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana cewa ai tsoro ne kawai, ya ɗanɗana na ɗan lokacin da ake cin yankan kankana ɗaya, sai da aka kawo masa kujera da ruwan sanyi. Fasto ya ce amin tun kafin ya fara addu'a, aka faɗa wa abinci. Miyar Mama Ludie ce ta fara ƙarewa, kamar kullum, kowace mace na juya loma a baki tana gyaɗa kai.

Kada a ce tun daga ranar Marvella ta warke. Wa ya gaya muku? Har gobe tana karanta bayan kwali, tana haɗiyar miyau, motarta na kallon titi. Abin da ya canza ɗaya ne. Duk wanda ya ce ɗan taɓa mana, sai ta buɗe jaka ta miƙa masa. Masu tayin sun ragu ƙwarai. Waɗanda suka rage kuwa, kafin su karɓa sai sun faɗi abin da suka sa har gishiri, su koma gida su duba kwalbar mai su dawo. Nauyin da ta ɗauka ita kaɗai, yanzu duk mai son ganin ta ci sai ya kama gefe. Tana zama a tsakiyar tebur, tana cin abu biyu ko uku, wani lokaci har ta yi hira tana ci. Gimbiyar ma an daina, sai Purvis, shi ma a hankali yake faɗa.

Mama Ludie ba ta ba da haƙuri ba, kuma ba za ta bayar ba. Ta bi gida-gida tana cewa yarinyar Ardelle ta tona mata asiri a bainar jama'a, yanzu kowace kucaka miyarta ta yi kauri. Ta yi makonni ba ta amsa gaisuwar Marvella. Sai wata Lahadi bayan sujada ga ta nan tana tahowa da wata 'yar tukunya sabuwa fil, ko baƙin wuta bai kama gindinta ba, da sabon cokali a cikin ledarsa. Ta dire a gaban Marvella, ta miƙa tafin hannu ba tare da ta dube ta ba.

"Ba ni abin nan."

Marvella ta ba ta. Tsohuwa ta damƙe, ta ja kujera ta zauna daf da cinyarta.

"A kicin ɗin Fasto na dafa, bayan na sa an wanke shi sau biyu. Kaza, masara, tumatir, wake, albasa, gishiri, barkono. Shi ke nan, Allah na gani. Kuma tun yanzu in gaya miki, ba ta yi ba. Tsululu ce. Ko karena ba zan ba."

Marvella ta ɗeba ta kai baki. Ta haɗiye, ta jira, ta sake haɗiyar miyau. Hanya na nan.

"Ta yi daɗi, Mama."

"Ke me kika sani?" in ji Mama Ludie, idonta ƙur a kan wuyan Marvella, babban yatsanta a kan murfi. "Ba ki taɓa cin ta gasken ba. Ci a hankali, kar ki kashe ni."